Gidan da Idona Ya Saya Mana

A Dikwa nonona ya gama kafewa. Tun daga gida yake zuba yana jiƙa mini zane ina rufewa da mayafi, don yarinyar da aka cire daga gare shi tana can wurin Inna, mahaifiyata, inda aka kai ta yaye. Ita ce ta fari a wurina, ita ce ta fari a wurin Malam, maigidana. A garinmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a tambayar lafiyarsa. Ko kuka yake yi sai ki kau da kai, wata ta ɗauka. Shi ya sa da aka ce a bar ta, hanyar Makka ba ta yara ba ce, kafin ta yi wayo mun dawo, ban ce komai ba. Babu ma wanda ya sa ran zan ce.

A Abeshe guzuri ya ƙare. Malam ya shiga ƙwadagon gini, ni kuma ina bin gidaje ina daka, a biya ni da tsaba. Muka tara abin da ya kai mu Janena, a can ma aka sake zama. Haka tafiyar take, ba ta ƙafa ba ce kawai: in aljihu ya tsaya, kai ma ka tsaya. A Madani muka fi daɗewa, muna tsinkar auduga a gonakin da ido ba ya ganin ƙarshensu. A nan na haifi ɗa namiji, mutane suka riƙa ce masa Madani har sunan ya bi shi. Wata Balarabiya maƙwabciyarmu ce ta riƙa dafa mini ruwan wankan jego. Kullum sai ta taɓa ruwan ta janye hannu, ta nuna kaina da yatsa wai ba ni da hankali, sannan ta ƙara icce.

A Suwakin wani mai jirgin ruwa ya karɓi kuɗinmu ya ce Jidda zai kai mu. Ya sauke mu a wani bakin teku da babu ko bukka, ya nuna wani tudu ya ce gari yana bayansa. Muka hau tudun, babu komai sai wani tudun. Ba na son tuna wannan tafiya. Wani makiyayi ne ya tatso mana raƙumarsa, ya ɗiga wa Madani a baki da ɗan yatsa, bai karɓi ko godiya ba.

Da muka shigo Makka muka sauke farali, na ɗauka sai juyawa. Ashe komawa ma sai an tara mata. Muka kama haya a kan dutsen da ke saman Misfala, wata rumfa da aka haɗa da buɗaɗɗun garewani da tsumman buhu. Da rana kamar cikin tanda. Malam ya zama ɗan ga-ruwa, garwa biyu a sanda, yana hawa da su gidajen masu hali har kafaɗarsa ta yi kanta. Ni ina soya gyaɗa ina zama da ita a bakin hanya. Duk abin da ya ragu sai ya shiga wata jakar fata da Malam ke ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga. Sunanta a gidanmu kuɗin komawa. Ko rashin lafiya ba ta sa an taɓa ta.

Matan Makka suna da wata al'ada, ba sa kiran mace da sunanta, sai da na ɗanta na fari. Ranar farko da na zauna da gyaɗa wata ta tambaye ni, “Ummu wa?” Na duba yaron da ke bayana na ce, “Madani.” Shi ke nan na zama Ummu Madani, kowa ya ɗauka daga kansa na fara. Duk sanda aka kira ni haka sai in ji kamar na rufe ƙofa wani yana waje.

Na iya lissafin girmanta da 'ya'yan mutane. In na ga yarinya ta wuce da giɓin haƙori, in ce yanzu ita ma ta fara famfara. In na ga wata da tulu ɗan ƙarami, in ce yanzu Inna ta fara aikenta rijiya. Ban san kamanninta ba. Fuskar da nake riƙe da ita ta mai rarrafe ce.

Zaman dutse kuwa ba zama ba ne. Duk lokacin aikin hajji mai rumfar yakan fitar da mu ya zuba baƙi masu biya da yawa, mu kwashe tabarmi mu raɓa a inuwar wani dutse har a watse. Kunama kamar an shuka. Wata rana ina juya gyaɗa a kasko Madani ya bi akuya ya gangara, aka ɗauko mini shi goshi a fashe. Har yau tabon yana nan. Ba zan ce Malam ba shi da hujjar son barin dutsen ba.

A shekarar da jakar ta yi nauyi, abu biyu suka zo tare. Wasu mutanen ƙasarmu suka ce da an gama hajji za su juya gida, duk mai shiri ya bi su. A cikin kwanakin nan kuma Malam ya dawo ya ajiye sanda, ya wanke ƙafa, ya ce:

“Akwai wani gida a kwari, ta hanyar Ka'akiyya. Na sayarwa ne.”

Na ce, “Wa zai saya?”

“Gani kawai za mu yi. Gani ba saye ba ne.”

Jaka ɗaya ce, ba ta isa biyu ba. Shi ya sani, ni na sani.

Unguwar tana kwance tsakanin duwatsu biyu, tsohuwar unguwa ce, ba irin tamu ta garewani ba. Gidajen dutse ne da tagogin katako, ga masallaci, ga mai gasa burodi, ga wurin ɗiban ruwa kusa, ba sai an hau ko an gangara ba. Yawancin mutanen jikokin Takari ne, wato namu da suka zo tun da daɗewa suka zauna. Hausarsu rabi Larabci. Yara suna wasa a fili, ƙasa mai laushi, ba inda yaro zai faɗo. Gidan ɗaki biyu ne da soro a sama, da 'yar magarya a tsakar gida. Na taɓa ganyenta. Rabona da inuwar itace a cikin gida tun garinmu.

Da gidan mummuna ne da na ji sauƙi. Ba mummuna ba ne.

Mai gidan sunansa Ammu Sale, haifaffen Makka, kakansa ne ya zo daga Katsina. Gajere ne mai tumbi da yawan dariya. Ya buga bango da tafin hannu.

“Ya Malam Idi, dubi! Dutse, wallahi, ba laka ba. Kakana ya gina. Ni don na koma unguwar Zahir kusa da shagona ne, in ba haka ba ko da zinariya ba na sayarwa. Ka huta da hawan dutse, ya shehu, kai ba akuya ba ne.”

Da ya faɗi kuɗin, sai na ji numfashina ya dawo. Ya fi abin da ke jakar, ba da kaɗan ba. Malam ya yi tayi, Ammu Sale ya ce albarka, muka fito. Amma a hanya na ga Malam yana waiwayen magaryar da ta leƙo ta saman katanga. Ya ce, “In aka ƙara shekara ana tarawa, zai yiwu ya jira.” Wato ayari ya tafi ba mu.

Abin da ya kamata in ce guntu ne. In ce, Malam, yarinyar fa? Na gwada shi a baki ina daka, na gwada ina wanki. In ya shigo sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Tun da aka haife ta ni da shi ba mu taɓa zancenta ba. Ko a Madani da zazzaɓi ya kusa kashe ni, an ce na kira sunan kowa ban kira nata ba, matan ayari har suna yaba mini.

Sai na ce bari in nemo wa gidan aibi.

A unguwar akwai wata tsohuwa, Hajja Asabe, mai sayen gyaɗata tana yin ƙuli. Na ɗauki Madani na tafi wurinta kamar kai mata kaya, na roƙe ta ta raka ni in sake ganin gidan, tunda babu kowa a ciki. A garinmu ba a sayen gida sai an gan shi da damina, a ga inda ruwa yake bi. Nan babu damina da za a tambaya, sai na tambayi bango.

Farar ƙasar da aka shafa sabuwa ce, amma iyakarta ƙirjina, daga nan zuwa sama tsohuwa ce. Wa ke shafe rabin bango? Na kankare da farce, na ga wani layi ja-ja a ƙarƙashi, miƙaƙƙe, ya zagaye ɗakin. Na sa yatsa a ramin da ƙyaure ke juyawa, na fito da yashi mai laushi irin na gindin kogi. A tsagar katanga, daidai tsayin layin nan ta waje, ga karmami da kashin awaki a cushe. Da na fito na dubi maƙwabta da sabon ido: kowace ƙofa sai an taka matakala kafin a shiga. A gidan Hajja ma na tuna akwatin kayanta a rataye yake da igiya, ba a ƙasa ba.

Na ce, “Hajja, ruwa yana shiga gidan nan.”

Ta ce, “Sel ke nan, ambaliya. Yakan yi shekaru bai zo ba. Sai a yi ruwa a can bayan duwatsu, nan ko ɗigo babu, ki ji ƙugi kamar ana ɓarin duwatsu. Sai a kwashi yara a hau soro. Kafin la'asar ya wuce, a sauko a kwashe laka.”

“Yana cin mutane?”

“Yakan ci wanda ya tsaya ɗaukar kaya.”

Na ji wani daɗi da ban taɓa jin irinsa a kan mugun labari ba. Ina jin ya nuna a fuskata, don tsohuwar ta tsaya tana kallona. Ta zauna a dokin ƙofa ta ce:

“'Yar nan, zo nan. Wannan na bayanki ba shi ne na fari ba.”

Na sunkuyar da kai.

“Na ga yadda kike bin 'yan mata ƙanana da ido. Mace ce?”

Na ɗaga kai na sauke.

“Tana gida?”

Na sake ɗagawa.

Sannan ta ce, “Nawa namiji ne. A Zinder na bar shi yana tatata. In yana raye yanzu ya yi furfura.” Ta kama hannuna ta matse. “Ki buɗe baki ki gaya wa mijinki. Nan Makka ce, mace tana tsayawa a tsakiyar titi ta ƙwala wa ɗanta na fari kira, sama ba ta faɗo ba. Kada ki tsaya zancen ruwa.”

Na ce to. Ta ba Madani dabino, ta ƙi karɓar canjin gyaɗarta.

Amma da Malam ya dawo, zancen ruwa na yi. Shi ne mai sauƙin fita. Na faɗa masa layin bango, da yashin ƙyaure, da karmami, da matakalan maƙwabta. Na ce yaro ƙarami gare mu, in abin ya zo yana wurin aiki ni kaɗai yaya zan yi. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya ce, “Ke kika ga duk wannan?” Na ce ni ce. Ya ce, “Gobe ki zo ki nuna mini.”

Na kwana ina ganin kaina a jirgin Suwakin.

Washegari da hantsi muka je gidan, muka tarar da Ammu Sale da matarsa, da limamin unguwa da wani dattijo, wai sun zo shan shayi. Hajja Asabe ma ta shigo. Mu mata muka shiga ɗaki, maza suka zauna a gindin magarya. Malam ya sa na nuna masa wuraren, sannan ya koma ya kira Ammu Sale ya kankare bangon a gabansa.

“Wannan fa?”

Ammu Sale ya dubi layin, ya dubi liman, ya fashe da dariya har yana riƙe tumbi.

“La ilaha illallahu! Wa ya nuna maka? Ummu Madani? Wallahi matarka ta fi dillalan Misfala. Ya shehu, sel ai baƙon kowa ne a nan, har Harami yana shiga, balle gidan Sale.”

Liman bai yi dariya ba. Ya ce, “Sale, aibin da aka rufe da farar ƙasa a gaya wa mai saye, shi ne shari'a. Ka rufe, ba ka faɗa ba.”

“Gyara na yi, ya sidi, gyara!”

“Rabin bango?”

Dattijon ya ce, “Ka ji kunya dai, ka rage wa bawan Allah. Ɗan'uwanka ne, da ƙafa ya zo.”

Ina daga ɗaki ina ji. Ba haka na shirya ba. Na ɗauka Malam zai kakkaɓe riga ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Sai na ji yana cewa yashi, yana cewa karmami, yana jera maganganuna ɗaya bayan ɗaya kamar mai kushe akuya a kasuwa. Duk wanda ya faɗa, Ammu Sale ya yi rantsuwa ya sauko kaɗan. Suka yi ta yi har shayi ya huce. Can na ji Ammu Sale ya tafa hannu ya ce:

“Halas! Kun kashe ni. Kawo abin da ke ƙugun naka, na san a nan yake, tun ran farko kake dafa shi.”

Matarsa ta dafa ni tana murmushi. “Mabruk, ya Ummu Madani. Idonki ya saya muku gida.”

Sai ga inuwar Malam a bakin ƙofa. Bai shigo ba, saboda matan mutane. Ya tsaya ta bayan labule, ina ganin ƙafafunsa, duk faso. Ya yi gyaran murya.

“Kin ji yadda aka yi. Zancen ruwa, ga soro, kuma zan ɗaga dokin ƙofa.” Sai ya ce, “Ban da ruwan, akwai wani abin?”

Bai taɓa tambayata ra'ayi a kan ko tabarma ba. Hajja Asabe ta sa hannu ta ƙarƙashin mayafi ta mintsine ni a cinya, da ƙarfi, har wurin ya kwana biyu yana zafi. Matar Ammu Sale tana kallona. A waje maza sun yi tsit, liman yana jira. Na buɗe baki. Na ji sunan ya taso tun daga cikina ya zo maƙogwaro. A gaban liman, a gaban baƙi, a gaban ubanta.

Na ce, “Babu.”

Ƙafafun ba su motsa ba. Ya ce, “Babu?”

“Babu, Malam.”

Suka ɗan ƙara tsayawa, sannan suka juya. Na ji an kwance jakar, na ji ƙarar azurfa a kan tabarma. Ammu Sale ya ce ya sallama, Malam ya ce ya karɓa, liman ya ja Fatiha. Na ɗaga hannu tare da kowa na shafa. Hajja Asabe ba ta shafa ba, ta tashi ta fita ba sallama.

Muka kamo hanyar dutse da azahar don mu fara haɗa kaya. Malam yana gaba, ina biye da Madani a baya, ya yi barci. Rigar Malam ta saki a ƙugu inda jakar take zama. Muka wuce masu sayar da gawayi muka fara hawa. A wani ɗan lanƙwasa inda babu kowa ya tsaya kamar mai hutawa, bai juyo ba. Ya ce:

“Da kin ce akwai, da na fasa.”

Na dafa dutse, yana da zafi, ban ɗauke hannu ba. Ban san inda na samo ƙarfin ba, na ce:

“Kai me ya hana ka faɗa?”

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga nan ana hango kwarin duka, da rufin masallacin, da ɗan koren magaryar.

Ya ce, “Ni ma ai ta fari ce.”

Ya gyara hularsa ya ci gaba da hawa. Na gyara goyo na bi shi.

Bayan hajji mutanen ƙasarmu suka tashi. Malam ya raka su har inda motocin Jidda ke tsayawa. Ni ban je ba, ina gida ina miƙa wa magini duwatsu, ana ɗaga dokin ƙofa.